Sojojin Itace a Baje Kolin Gwarzo

Shekarun baya, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, wani abu ya faru da ni wanda har gobe in na tuna sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ban taɓa ba da labarin a nan ba. Yau dai na ga dama.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane. Ni ɗan Gwarzo ne. Na yi boko har aji biyu na sakandare, sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, aka sallami mahaifina daga aiki, ni ma na sallami kaina daga makaranta na kama gyaran keke. Kada wani ya zo ƙasan rubutun nan ya ce mini ai gemu ba ya hana ilimi, na ji wannan har kunnena ya ƙoshi. Gyaran keken ne ya riƙa kai ni Kabo ranar kasuwa, a can kuma na haɗu da wani tsohon soja, mutumin Gude, wanda ya ajiye kaki ya kama sassaƙa. Muciya, akushi, ƙotar fartanya, su yake sayarwa. Kowa Baba yake ce masa.

Baba yana da wani wasa da shi ya ƙirƙiro abinsa. Faffaɗan katako ne kamar rabin ƙyauren ɗaki. Ya ja kogi a tsakiya da shuɗin fenti, ya sa gada ɗaya, ya ɗora tudu biyu na busasshiyar laka. Sai sojoji arba'in na itacen dashi, ashirin kore, ashirin ruwan ƙasa, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Jikinsu duk iri ɗaya ne, mulmulalle kamar guntun taɓarya, ba hannu ba ƙafa. A kai aikin yake. Mai hular kwano ƙaramin soja ne, takunsa tsawon tsinke ɗaya. Mai jar hula saje ne, tsinke biyu. Mai hula mai baki shi ne hafsa, guda ɗaya a kowane ɓangare, in aka kashe shi wasa ya tashi. Tsinken kuwa na tsintsiya ne, Baba ya yanke shi daidai taƙinsa, da shi ake auna tafiya da nisan harbi. Babbar dokar ita ce soja ba ya harbin abin da ba ya kallo. Inda hancinsa ya dosa, can kawai yake harbi, kuma juya shi ma taku ne. Duk dabarar a nan take, yadda za ka zagayo mutum ta ƙeya yana can yana gadin gada.

Ba caca ba ce, ko sisi ba a sawa. Wanda aka ci, tsiya kawai zai sha har kasuwa ta zagayo. Mu wajen takwas ne muke zama bayan La'asar a ƙarƙashin tsamiyar da ke bayan rumfar Baba, cikinmu har da wani malamin firamare da wani mahauci mai baki kamar reza. Shekara goma sha biyar muna wannan zama. Bari in faɗa muku gaskiya ko da za ku yi dariya: a duniyar nan abu ɗaya na taɓa fin mutane, shi ne wannan wasa. Malamin firamaren nan da takardunsa, sai in kashe masa hafsa kafin ya gama gyara gilashi. Ranar kasuwar Kabo kaɗai nake jin ni ma wani ne.

Daga baya yanar ido ta rufe wa Baba gani. Ya daina zuwa kasuwa, ya kwashe kayan wasan ya koma gida Gude. Mukan taka keke mu je can jefi-jefi, ya zauna a gefe yana sauraro, a gaya masa inda kowane soja yake, ya yi ta gyara mana kuskure daga zaune.

To, ina da wani aboki da muka yi firamare tare. Shi ya tafi Kano ya shiga kasuwanci, ya dawo da babur da baki. Sau ɗaya ya taɓa raka ni Gude. Bai zauna ya koyi wasan ba, ko tsinken bai taɓa ba, ya dai tsaya a kanmu yana kaɗa makullin babur, ya ce wannan ai arziki ne kwance muke zaune a kai. A shekarar da nake ba ku labari aka shirya baje kolin sana'o'in hannu na kwana uku a Gwarzo, ya samu rumfa. Ya zo ya same ni da shawara: a aro kayan Baba a nuna wa jama'a, masu so su rubuta suna, a kai wa kafintoci a Kano su buga irinsu da yawa, Baba ya samu rabonsa, ni kuma in zama mai koyar da wasan a gaban manyan baƙi. Wannan ta ƙarshen ce ta kama ni. Ba zan yi muku ƙarya in ce don Baba na yi ba.

Na je Gude na roƙa. Baba ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ni ban san abokinka ba. Kai na sani."

Ya sa aka ɗauko kayan. Ya riƙa ɗaukar sojojin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa kan kowanne da babban yatsa yana faɗin muƙaminsa, yana sa mini a hannu, har arba'in. Ya naɗe su a tsohon bargo. Ya tambaye ni ko yadda suka tafi haka za su dawo. Na ce Baba, in Allah ya yarda ko ƙwarzane ba za ka ji ba.

Wanda bai ga lokacin ƙaddamar da Shari'ar nan ba ba zai gane yanayin gari ba. Mutane suna murna, murna ta gaskiya, ni ma ina ciki. Amma tare da murnar akwai wani irin rawar jiki. Mai shago ya sauke kalandarsa don akwai hoton mace, mai shayi ya kashe kaset, mai aski ya juya hotunan aski suna kallon bango. Yawancinsu ba wanda ya zo ya ce su yi. Kowa dai yana ta riga malam masallaci.

Saura mako guda a buɗe baje kolin, abokina ya tsaya a bakin rumfata, bai ko sauka daga babur ba. Ya ce mutumina, ka san yadda gari yake yanzu, kayan nan suna son ɗan gyara kafin a fito da su. Ni kuma ina tsugune da tayar wani a cikin ruwa ina neman inda take yoyo, mai keken yana tsaye a kaina. Na ɗauka fenti yake nufi, don koren ya ɗan koɗe. Ko ɗaga kai ban yi ba na ce ya yi duk abin da zai sa su fito. Ya ja babur ya tafi.

Ranar buɗewa na ɗauko shaddata ta Sallah na sa, na kafa hula. Na riga na aika wa malamin firamare da mahauci su zo daga Kabo su ga yadda ake ɗaukaka. Da hantsi muka shiga filin mu uku, ina gaba kamar wani mai unguwa.

Allon tallar muka fara hangowa. An zana wani ƙato ba riga, ƙirji kamar buhun gero, ya rataya harsasai, ga jirgi mai saukar ungulu a bayansa, ga wuta tana ci. A sama an rubuta wani suna da Turanci wanda ban taɓa ji ba. A ƙasa kuma da Hausa: "Wasan yara, an tace shi." Wasan yara. Mu da mafi ƙanƙantarmu yana da 'ya'ya huɗu. Kuma ina jirgi a wasan Baba? Ina wuta? Wasan da za ka yi rabin sa'a kana tunanin juya soja ɗaya, shi aka yi wa hoton fim. Na ce wa abokan tafiyata ku rabu da allo, mai fenti ne bai san abin ba.

Muka matsa. Katakon da ake shimfiɗawa a ƙasa a zauna a kewaye shi, an jingina shi a tsaye kamar madubin amarya. Tudun nan biyu babu su, ashe da aka miƙar da shi sun faɗo, aka share. Na nemi tsinken awo ban gani ba. Daga baya na ji an ɗauka shara ce. Sojojin kuma an zuba su a akwatin gilashi da aka aro wurin mai sayar da agogo, an sa ɗan kwaɗo an kulle, an jera su sahu-sahu kamar kwalaben turare, kore ɗaya ruwan ƙasa ɗaya, wai don kala ta fito. Maƙiya an haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Abin da aka yi don a taɓa, an hana taɓawa. Wanda ya tsaya a gaban rumfar nan har Magariba ba zai san wasa ne ba.

Raina ya riga ya ɓaci, na sunkuya in nemo hafsan kore, wanda na fi so in riƙe. Na duba sahun farko ban gan shi ba. Na duba na biyu. Sai na ga kamar duk an kifa su ne, gindi a sama. Na goge gilashin da hannun rigata na sake dubawa.

Ba kifa su aka yi ba. Babu kawunan. Duka arba'in an bi su da zarto an yanke daidai wuya, an goge wurin sumul, an shafa man ƙyalli.

Ban san tsawon lokacin da na yi a sunkuye ba. Na ji malamin firamare yana salati a hankali. Mahauci ya leƙo ta kafaɗata, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ni da sana'ata ce ma ban taɓa yanka arba'in a rana ɗaya ba."

Abokina ya fito daga bayan rumfa da fara'arsa, ya sha babbar riga, yana tambayar yaya muka ga aiki. Na nuna masa akwatin. Ya ce au, wannan? Ai ceton mu ya yi. Wai a mota yana dawowa daga Kano wani mutum ya ce duk abin da aka sassaƙa da kai da fuska gunki ne, amma in aka cire kan ya zama kamar itace. Shi ne ya kai wa kafinta. Na tambaye shi ko wani ya zo ya ce ba za a nuna su da kai ba. Ya ce a'a, amma ai ba sai an zo ba. Na ce ya tambayi wani malami? Ya ce abin a fili yake.

Na ce, "To nuna mini hafsa."

Ya duba, ya nuna wani a tsakiya.

"Ina yake kallo?"

"Kai matsalarka ke nan, ɗan aji biyu. Mai saye ina ruwansa da inda soja yake kallo? Kasuwa daban, zaman gindin tsamiya daban."

Na nuna masa allon da ke bisa kanmu, na ce wannan ƙaton fa, shi ba kai gare shi ba? Ga ido, ga hanci, har da gashin baki. Ya ɗaga kai ya kalla kamar yau ya fara ganinsa, ya ce ai wannan talla ce. Daga nan na fara ɗaga murya, na faɗi maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Mutane suka fara taruwa, jama'ar da rumfar ba ta samu ba tun safe. Shi kuwa ya bari sai da na gama, sannan ya ce a gaban kowa, ba kai ka ce in yi duk abin da zai sa su fito ba?

Nan ya kama ni. Don na faɗa.

Ana cikin haka sai ga malamin Islamiyyar unguwarmu, wanda yake koyar da 'ya'yana, ya zo wucewa. Abokina ya yi maza ya tare shi, ya gaishe shi har ƙasa, ya kwashe bayani ya ba shi, yana jiran a ce ya yi daidai. Malam ya saurara har ƙarshe, ya leƙa akwatin, ya ce, "Kayan naka ne?"

Ya ce a'a, na wani tsoho ne a Gude.

"Ya san za a yanke?"

Abokina ya kama gyaran wuyan riga. Malam ya ce maganar sassaƙa sura magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, da an zo an tambaye shi da ya zauna ya warware, wataƙila ma ya ce a bar wa mai abu abinsa a gida. Amma maganar taɓa kayan amana ba da izinin mai shi ba, wannan bai san wani saɓani a cikinta ba. Ya yi mana sallama ya wuce.

A take na sa aka buɗe kwaɗon. Na kwashe su a bargon, na ɗauki katakon a ka, da shaddata da komai, na ratsa filin mutane suna kallo. Kawunan kuwa a gwangwanin madara na tarar da su a ƙarƙashin tebur, na haɗa da shi. Da na je gida na zazzage, talatin da takwas ne. Biyu sun bi dusar katako a shagon kafinta.

Kwana biyu na rufe rumfa ina fama da gam. Zarto ya cinye wuyan, duk wanda na liƙa sai ya fito a karkace kamar wanda aka shaƙe. Na yi biyar na ɓamɓare su na haƙura. Sai na koma neman dalilin da zai hana ni zuwa Gude. Yau tayar kekena, gobe ciwon kai. Har na yi tunanin in aika da su ta hannun direba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana kallona duk kwanakin nan. Rana ta biyar ta ce abin da na karɓo da hannuna, da ƙafata zan mayar da shi, in kuma na aika wani to kada in ƙara shigo mata ɗaki.

Na isa Gude da safe. Baba yana zaure a kan tabarma. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Gwarzo, ni kuma ina ta jan gaisuwar don kada ta ƙare. Da ta ƙare ya ce to, yaya mutane suka ga sojojinmu? Na tura bargon gabansa.

Ya kwance. Ya ɗauki na farko, babban yatsansa ya hau jikin zuwa sama, ya isa inda kai ya kamata ya kasance, ya tsaya. Ya ajiye. Ya ɗauki na biyu. Ni kuma na ɓalle da magana, na ɗora wa abokina, na ɗora wa kafinta, na ɗora wa mutumin cikin mota, na ɗora wa zamani. Bai katse ni ba, bai kuma daina ba. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su har arba'in, bai tsallake ko guda ba, kamar yana sa ran zai tarar da wanda aka manta. Maganata ta ƙare tun yana wajen na ashirin.

Na miƙa masa gwangwanin na ce ga kawunan, saura biyu, kuma zan nemo gwanin masassaƙi ko a ina yake ya mayar da su.

Ya girgiza gwangwanin a kusa da kunnensa, ya ajiye. Ya ce, "Sojan da ba kai gawa ne. Ba a wasa da gawa."

Ya kira matarsa. Ta fito ta durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa. Ya tattara bargon ya miƙa mata, da gwangwanin, ya ce ga 'yan itace nan, dashi ba ya wuyar kama wuta, a dama wa baƙo kunu. Ta buɗe ta gani, ta dube ni, ta dube shi, ba ta motsa ba. Ya ce a hankali, "Ɗauki mana."

Na ce Baba don Allah. Ya ce ai ba a zuwa gidansa daga Gwarzo a koma da yunwa.

Ina zaune a zauren nan ina jin ƙamshin hayaƙin yana shigowa daga tsakar gida. Baba yana ba ni labarin gero, wai bana tsuntsaye sun yi ɓarna ta wajen Getso. Aka kawo kunun a kwano, da zafinsa. Kun san ba a mayar da abincin dattijo. Na sha. Ya ce in ƙara, na ƙara.

Abokina bai samu ko mutum ɗaya da ya rubuta suna ba. Yanzu Alhaji ne, yana da shaguna, muna haɗuwa wajen ɗaurin aure da jana'iza mu gaisa. Sau ɗaya ya taɓa ce mini wai har yanzu ina riƙe da maganar 'yan itacen nan? Taronmu na 'yan gindin tsamiya kuma daga nan ya watse. Malamin firamare ya gwada zana wasan a kwali da maɓallai, muka yi sau biyu, ba wanda ya sake nema.

Mutane suna so in an ba da labari a ce ga darasi. To ga shi, ba shi da daɗi. Duk wanda zai tallata abin da bai taɓa zama ya yi ba, abin da ya sa ake son abin shi zai fara cirewa, don shi ne bai gane ba. Na ga haka a wasa, na gan shi a abubuwan da suka fi wasa. Amma wannan darasin abokina ne, kuma shi bai ɗauka ba. Nawa ya fi muni. Ni na san abin da ke cikin bargon nan, na san abin da kowane kai yake nufi, aka zo aka tambaye ni, ban ɗaga kai daga tayar keke ba. Hankalina yana kan shaddar da zan sa.

Baba ya ƙara shekara uku a duniya. Ina zuwa gaishe shi duk bayan 'yan makonni, kuma ko sau ɗaya bai sake tayar da maganar ba. Kullum da fara'a, kullum sai ya tambayi mahaifiyata da yara, kullum sai an kawo mini abin sha. Duk zuwan da na yi, zuwa nake ya zage ni, ko ya ce na ci amanarsa, in samu bakin cewa Baba ka yafe mini. Bai taɓa buɗe mini wannan ƙofar ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin buɗe ta da kaina ba. Ina ta jira sai zuwa na gaba, har ranar da aka aiko Gwarzo aka ce in zo jana'iza.